Tsakanin Naira da Fam: Inda Kuɗin Baffa Suka Zurare

Baffana, ƙanin mahaifina, yana cikin waɗanda suka sayi sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, na farko da Gwamnatin Tarayya ta fitar a watan Satumban 2017, wanda aka tara naira biliyan 100 da shi don aikin hanyoyi. Naira miliyan 10 ya zuba, bayan malamai sun tabbatar masa babu kuɗin ruwa a ciki. Shekara bakwai yana karɓar haya ta kashi 16.47 cikin ɗari, ana cefane da ita, ana biyan kuɗin makarantar yara. Lokacin da ya zuba kuɗin, dala tana wajen naira 360 a kasuwa, wato abin da ya ajiye ya kusa dala 28,000. Ranar da aka dawo masa da uwar kuɗinsa a Satumban 2024, dala ta kai wajen naira 1,600. Miliyan 10 ɗin nan ta koma dala 6,000 da 'yan kai.

Wannan asarar ba shi ya jawo ta ba, ba kuma ita ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Wadda ta biyo bayanta ce, domin ita kam ana iya kauce mata.

Ɗansa ya samu gurbin digiri na biyu a Ingila. Baffa ya sayar da wani fili, ya haɗa da kuɗin sukuk, suka tashi naira miliyan 30. Na tarar da shi a zaure bayan la'asar, fuskarsa wasai, ya ce ya samu wanda zai tura kuɗin.

"Baffa, nawa ya ce zai ba ka fam ɗaya?"

"Ai ɗan nan, ko sisi bai karɓa ba. Yaro ne ɗan gidan mutunci, na san mahaifinsa."

"Allah ya ƙara maka lafiya, ba la'ada nake tambaya ba. Farashin nake tambaya."

Ya yi shiru, ya ɗauko waya yana neman saƙon.

A nan yawancinmu muke tuntuɓe. Mun saba da ciniki irin na kasuwar kara, inda dillali yake faɗin la'adarsa a fili, mai saye ya bayar, mai sayarwa ya bayar. Shi ya sa in aka ce mana babu la'ada, sai mu ɗauka kyauta aka yi mana. To, ɗan canji ba ya rayuwa da la'ada, banki ma haka. Abincinsu yana cikin tazarar da ke tsakanin farashin da suka sayi dala da wanda suka sayar maka. Mu ƙaddara ainihin farashin kasuwa yau naira 1,500 ne. Miliyan 30 ta zama dala 20,000 cif. Mutum na farko ya ce ba ya karɓar komai, amma zai ba ka a 1,545: dala 19,417 za ka tashi da su. Na biyu ya ce zai caje ka dala 50, amma a 1,510 zai ba ka: bayan an cire cajin, dala 19,818 ne. Wanda ya yi maka "kyauta" ya ci maka dala 400, sama da naira 600,000, ka kuma rabu da shi kana sa masa albarka.

Bankin Duniya ya daɗe yana nuna cewa aika kuɗi zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya fi na ko'ina tsada, kusan kashi 8 cikin ɗari a kan dala 200, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 kafin 2030. Amma wancan lissafin na mai aika ɗan kuɗin cefane ne, wanda caji ke ci. Mai fitar da kuɗin fili ko na hannun jari, farashi ne ke cinsa. Tambaya ɗaya ce ke raba gardama: in na ba ka naira kaza yanzu, fam nawa ne zai shiga asusun yaro a can, bayan kowa ya ciri nasa? A rubuta amsar, a kai wa mutum uku wannan tambayar a rana ɗaya.

Na ce "bayan kowa ya ciri nasa" ne da gangan. Kuɗi ba ya tashi daga Kano ya sauka Manchester kai tsaye. Bankinka yana da wakili a Landan ko New York, wani lokacin wakilin ma yana da nasa wakilin, kowanne yana iya gutsurar wani abu a hanya. A takardar tura kuɗi akwai wurin da ake zaɓar wanda zai ɗauki wannan caji, mai aikawa ko mai karɓa ko a raba. Jami'a ba ta san uzuri ba: in kuɗinta ya zo da giɓin fam 20, bashi za ta rubuta wa ɗalibi.

Sai yawan juyi. Duk lokacin da kuɗi ya sauya riga, sai an yanki wani abu daga jikinsa. Naira zuwa dala yanka ɗaya, dala zuwa fam yanka na biyu, wanda sau da yawa bankin can ne yake yinsa da farashin da ya ga dama, ba tare da ya tambayi kowa ba. Mai zuwa Saudiyya ko Dubai bai cika jin wannan ciwon ba, domin riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, dirhami kuma a kan 3.6725, saboda haka riƙe dala kusan daidai yake da riƙe su. Fam ba haka yake ba, kullum yana motsi. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su ma suna da irin wannan sauƙin ta wajen Turai, tunda sefa 655.957 ce yuro ɗaya, ba ta gaba ba ta baya. Abin dariyar shi ne sefar Nijar da ta Chadi da Kamaru darajarsu ɗaya a takarda, amma bankunan da ke buga su daban ne, wanda ya kai ta Yamai Njamena sai ɗan canji ya rage masa wani abu.

Mu koma zaure. Baffa bai saurare ni duka ba, ya tura kaso na farko ta hannun yaron nan ɗan gidan mutunci. Yaron bai ci amana ba, wannan zan faɗa. Sai dai yadda irin wannan harka take tafiya, nairar tana nan Najeriya ba ta je ko'ina ba. Wasu mutane ne a Ingila da ke son naira a gida suka zuba fam a asusun ɗan Baffa. Mutum uku ne, daga garuruwa uku, ɗan Baffa bai taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba. Kwana biyu bankin ya rufe asusun, ya aiko da tambayoyi: su wane ne waɗannan, mene ne tsakaninku, daga ina kuɗin ya fito? Ga kuɗin haya ya zo, ga yaro yana cin bashin abokai. Sai da aka yi makonni ana aika hoton takardar cinikin fili da shaidar sukuk kafin a buɗe, da gargaɗin kada a sake. Kuɗin halal ne tsantsa, gumin shekaru, amma ya isa can ba shi da dangi.

Ra'ayina ke nan: kuɗi mai yawa da ya tsallaka iyaka ba takarda, ko ya fi arha a nan, ya fi tsada a can. Araha ba ta ado. Bankunan Turai ba su san mahaifin kowa ba, takarda suka sani. Najeriya ta shiga jerin ƙasashen da FATF, hukumar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da halatta kuɗin haram, ke sa wa ido a Fabrairun 2023, ba a cire ta ba sai Oktoban 2025, kuma zargi irin wannan ba ya gushewa ranar da aka goge suna.

Ba zan yi wa 'yan canji rashin adalci ba. Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ba ta cika da mutane don Kanawa suna ƙin doka ba. Kafin watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a hukumance, tana wajen 750 a bayan fage, kuma ta hukumar sai mai uwa a gindin murhu. Iyaye sun cike Fom A, takardar neman kuɗin waje ta banki don biyan makaranta, sun yi watanni suna jira har jami'o'i suka fara barazanar korar 'ya'yansu. Kamfanonin jiragen sama na waje sun ga kuɗinsu sama da dala miliyan 800 ya maƙale, kamfanin Emirates kuwa tun a 2022 ya dakatar da zuwa. A wannan yanayin, ɗan canji ne ya fitar da mutane kunya. Amma tun da Babban Bankin Najeriya (CBN) ya haɗe farashin ya saki naira, tazarar nan ta tsuke sosai, har akwai ranakun da bambancin bai taka kara ya karya ba. Hujjar jiya ba ta yau ba ce. Sannan a Maris ɗin 2024 bankin ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a tashi ɗaya. Wanda ka saba da shi shekara goma yana iya kasancewa a cikinsu, rasit ɗinsa kuwa ba zai amsa maka tambaya a ko'ina ba.

Matasa za su ce a bi ta USDT, wato kuɗin kirifto da aka ɗaure darajarsa da dala. Akwai sauri, babu musu. Sai dai wanda ya sayar maka ba ka san inda ya samo ba, wanda zai saya a can ya ba ka fam shi ma baƙo ne, ka koma kan matsalar ɗan Baffa ta wata ƙofar. Waɗanda suke da kuɗi a Binance, dandalin cinikin kuɗin kirifto, lokacin da ya daina hulɗa da naira a Maris ɗin 2024 sun san yadda ƙofa ke rufewa ba sallama. Masu cusa daloli a jaka kuma su sani, abin da ya haura dala 10,000 dole a bayyana wa Kwastam, in ba haka ba doka ta ba da damar ƙwace shi. Ingila ma tana neman bayani daga fam 10,000.

Akwai kuma batun addini da ake tsallakewa. Ƙa'idar canji a fiƙihu ita ce hannu da hannu, kuma malamai da dama na wannan zamani sun ɗauki shigar kuɗi asusu a matsayin karɓa. "Kawo nairar yau, fam zai shiga wani mako" ba wannan ba ne. Baffa da ya guje wa kuɗin ruwa shekara bakwai, wannan maganar ce ta fi shigarsa, ba lissafina ba.

Game da lokaci, kada kowa ya yaudare ka cewa ya san inda dala za ta. A Fabrairun 2024 ta doshi naira 1,900 a bayan fage, a tsakiyar Afrilu ta sauko wajen 1,100, kafin damina ta yi nisa ta koma 1,500. Wanda ya juye duk dukiyarsa a Fabrairu don tsoro, ya yi kuka a Afrilu. Wanda ba wa'adi ne ya matsa masa ba, ya raba kuɗin gida uku ko huɗu, ya canja a hankali.

Laifin da ya rage na hukuma ne. Baƙon da ya shigo da jari ta banki ana ba shi takardar shaidar shigo da jari, wadda ke ba shi damar fitar da uwar kuɗi da riba idan ya biya haraji. A Janairun 2025 CBN ya buɗe wa 'yan Najeriya mazauna waje asusun zuba jari na musamman da ke sauƙaƙa musu mayar da kuɗinsu, kuma duk ɗan'uwan da ke Jidda ko Landan yana son juya kuɗi a gida ya kamata ya tambayi wannan tun ranar shigowa, ba ranar fita ba. Mai biyan makaranta ko asibiti yana da Fom A, mai shigo da kaya yana da Fom M. Amma ɗan ƙasa da ya sayar da gidansa na halal zai koma wata ƙasa da zama, ƙofarsa ƙarama ce, ƙa'idojin kuma suna warwatse a sanarwa bayan sanarwa. Irinsa ake turawa bayan fage. Kamata ya yi CBN ya fayyace wannan hanya a takarda ɗaya, da Hausa ma, ya kuma tilasta wa kowane banki da kamfanin canji su rubuta wa mutum abu huɗu kafin ya sa hannu: farashin kasuwa, farashinsu, cajinsu, da abin da zai isa.

Kaso na biyu Baffa ta banki ya tura, da Fom A, kai tsaye zuwa asusun jami'ar. Ya je reshen sau uku, ya yi faɗa da wata ma'aikaciya kan shaidar biyan haraji, ya dawo yana mita cewa a Wapa ko tashi daga kujera ba a sa shi yi. Da ɗan ya aiko da rasit ɗin jami'a, ya sa aka buga masa shi a takarda, ya ninke ya saka cikin ambulan ɗin da yake ajiye takardun gida.