Ba digirin injiniya ne zai hana shi karatun likita a waje ba

Wai don Allah wa ya naɗa wasunmu alƙalan rabon mutane ne? Yaron nan ɗan aji uku a injiniyan lantarki da ake ta yayata maganarsa tun shekaranjiya, laifinsa kawai ya ce idan ya gama yana son fita waje ya karanci likita. Shi ke nan aka yi masa caa. Wannan ya ce mai haɗa waya ina shi ina allura, wancan ya ce tunda JAMB ba ta ba shi tun farko ba ya rungumi ƙaddara. Har da wani bawan Allah da ko ƙofar ofishin jakadanci bai taɓa gani ba, ya yanke hukunci wai Amurka ba ta ɗaukar injiniya. Sannu Malam, Allah ya ƙara basira.

Jama'a, an bar jaki ana dukan taiki. Digirin yaron nan ba shi ne matsalarsa ba.

A Amurka ba a shiga makarantar likita daga sakandare. Dole sai ka yi digirin farko, kuma ba ruwansu da wane iri ne: mai tarihi yana shiga, mai kiɗa yana shiga, balle injiniya. Abin da suke dubawa shi ne ko ka ɗauki darussan bayoloji da kimistiri da fizis, sai makinka, sai jarrabawar shiga makarantar likita, wato MCAT, da ake wuni ana rubutawa, sama da awa bakwai, makinta daga 472 zuwa 528. Yaron da ya sha lissafi da fizis shekara biyar, za a ce ɓangaren nan ne zai kayar da shi? Bayoloji da kimistirin halittu ne gibinsa, kuma gibi ne da ake cikewa. Jami'ar Illinois ma makarantar likita sukutum ta gina a kan injiniyanci, Carle Illinois, ta ɗauki ɗalibanta na farko a 2018. Jami'ar Texas A&M tana da tsarin da ake fita da digirin likita da na biyu a injiniya tare cikin shekara huɗu. Mutanen da ke neman injiniyoyi da fitila a hannu ne za ku ce ba sa so?

To ina katangar take? Fasfo da aljihu. Makarantun likita a Amurka sun haura 150, amma mafi yawansu ba sa kallon takardar baƙo ko da ya zo da maki kamar me. 'Yan kaɗan da ke karɓa, da yawansu sai sun ga ka yi waɗancan darussan a jami'ar Amurka ko Kanada. Bashin karatu na gwamnatinsu baƙo ba ya samu. Wasu ma cewa za su yi ka ajiye kuɗin shekaru a asusu kafin ka zauna a aji, kuma a masu zaman kansu da dama kuɗin makaranta kaɗai ya wuce dala 60,000 a shekara. Ku je Wapa ku tambayi canjin yau ku buga sau huɗu, sannan ku dawo ku gaya mini ko lantarkin da ya karanta ne ya hana shi.

Ingila ma haka. Akwai tsarin shekara huɗu na masu digiri, wasu jami'o'in kowane fanni suna karɓa in sakamakon ya yi kyau, a rubuta jarrabawar shiga ta GAMSAT ko UCAT, a miƙa takarda ta UCAS, hukumar da ake neman gurbin jami'a ta hannunta, kafin tsakiyar Oktoba. Amma gwamnati ta ƙayyade kujerun baƙi, ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma duniya ce gaba ɗaya ke kokawa a kansu.

Na san za a ce ai akwai Masar, akwai Jojiya, akwai Rasha, ga ejan nan yana cewa kawo fasfo da WAEC kawai. Gaskiya ne, can shiga ba wuya. Amma daga aji ɗaya za a fara, digirin sai dai a ninke a sa a akwati. Kuma ejan ba zai tuna maka da Fabrairun 2022 ba, lokacin da yaƙi ya ɓarke a Yukiren, 'ya'yanmu da ke karatu a can suka riƙa takawa a ƙasa cikin sanyi zuwa iyakar Foland, daga baya MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, ta ce ba ta yarda da likitancin da aka ƙarasa ta intanet ba. Ba zai tuna maka da Afrilun 2023 ba, da aka kwaso ɗalibanmu daga Khartum a motoci saboda yaƙin Sudan, da yawansu 'yan Kano da Jigawa, wasu saura ƙiris su gama. Kuma ko ka gama lafiya, in ka dawo sai ka ci jarrabawar MDCN kafin ka taɓa marar lafiya. Ko a nan ɗin, wa ya ga inda aka tambayi mutum me ya sa ya taɓa karanta injiniya?

Masu cewa zai ɓata shekara biyar, shekarunku ne? Masu cewa son a kira shi Dakta ne kawai, to ku da kuka shiga zuciyarsa sai ku ba mu labarin sauran abin da kuka gani a ciki.

Ƙanena, in wannan ya iso gare ka, kada ka ajiye karatunka saboda zafin rai. Ka gama, kuma ka tsare makinka kamar ranka, don malaman injiniya ba a san su da kyautar maki ba, kuma can waje lambar za su fara gani kafin su ji uzurinka. Lokacin hutu ka nemi asibiti ka yi aikin sa-kai, ka ga jini, ka ji warin ɗakin masu ciwo da ƙarfe biyun dare, ka gani ko har yanzu kana so. Sannan ka zauna da Baba da biro da takarda, a faɗa wa juna gaskiya a kan kuɗi, kafin a kai ga sayar da gonar gado. In lissafin bai fita ba, ka san kuɗi ne suka gagara, kanka bai gaza ba.

Af, kuma tun yanzu ka fara bin tiranskirif ɗinka, wato takardar makinka ta jami'a. Wannan ma wani tashin hankali ne da ba mai magana a kai. Ɗan maƙwabcinmu ya biya kuɗi, ya yi ta sintiri, yau a ce mai sa hannu ya tafi taro, gobe a ce ba wuta, jibi a ce fayil ɗin yana wani ofis da mai makullinsa ya tafi ta'aziyya. Har wa'adin makarantar da ta ɗauke shi ya wuce takardar ba ta bar kan tebur ba. Jami'ar da ke koyar da kwamfuta, amma sakamakon ɗalibanta yana cikin kabad ɗaure da igiya!