Ranar Da Na Zama Guga A Italiya

Tun a tashar jirgin ƙasa ta Termini da ke Rum ɗan ƙanwata ya dubi ƙafafuna ya ce, "Kawu, da waɗannan takalman za ka?" Sau-ciki ne na fata, sababbi fil, ko ƙura ba su taɓa gani ba. A jikina kuwa shadda ce ruwan toka da babbar rigarta, ga zanna-bukar na kafa ta gaban goshi. Na ce masa ni hoto na zo ɗauka, ba noma ba, kuma wanda aka haifa a gindin Dala ba yaro ne zai koya masa hawan dutse ba. Ya ce, "To, Kawu." Irin "to" ɗin nan ta yaran yanzu, wadda ba ka gane ladabi ce ko jiran ranarka ake yi.

Garin da muka nufa sunansa Orvieto, a yankin Umbria, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci daga Rum. Tun daga tagar jirgi ake hango shi. Wani ƙaton dutse ne ya miƙe a tsakiyar kwari, gefunansa a yanke kamar an bi su da wuƙa, aka ɗora gari sukutum a kansa kamar tiren talla. Na ce da yaron, wannan ai Dala ce ta samu kiwo ta yi ƙiba. Daga tasha wani ɗan tarago ake shiga, igiyar ƙarfe ta ja shi sama. A 1888 aka buɗe hanyar, kuma a da ruwa ake ɗura wa taragon sama har ya yi nauyi, in ya gangaro sai ya jawo na ƙasa. Har muka isa ina mita wai an raina ni, an sa ni a keke kamar majinyaci.

Ashe ganin Dala ba shiga birni ba ne. Titunan garin duk daɓen duwatsu ne, shekaru sun goge su sun yi santsi, takalmina kuma ƙasansa kamar an shafa man shanu. Kafin mu kai babbar majami'ar garin na yi sulu sau uku, sau ukun kuma ina wayancewa kamar wani abu na tsaya kallo. Majami'ar dai ta isa a kalla. A 1290 aka aza harsashinta, jikinta ratsi-ratsi ne fari da baƙi kamar an yafa mata gwado, fuskarta kuwa in rana ta haska ta sai ka kare ido saboda ruwan zinare. Na sa yaron ya ɗauke ni ta kowace kusurwa. Da na duba hotunan daga baya, babbar rigata ta cinye rabin ginin.

Wajen cin abinci ne na tsallake rijiya da baya. Na ga wani suna a takardar abinci, cinghiale, ya yi mini daɗi a baki, na ɗora yatsa a kai da isa. Yaron bai ce komai ba, ya dai nuna mini ƙofar shagon da ke kallonmu, inda aka kafa kan wata dabba mai gashi da haure biyu. Aladen daji. Na janye yatsana a hankali kamar wanda ya taɓa garwashi, na ci taliya da tumatir ina hamdala. Muka yi salla a wani lambu kusa da tsohuwar ganuwa, sannan ya ce saura abu ɗaya, rijiya.

Na yi dariya. Mutum ya baro Kano, ya biya kuɗin jirgi, a kai shi kallon rijiya? Na ga Kusugu a Daura, mai tarihin maciji ma. Har da biyan kuɗin shiga, yuro na gugar yuro.

Amma wannan rijiyar, Pozzo di San Patrizio, ba a zura mata guga. Kai ne gugan. Labarinta kamar yadda yaron ya ba ni a bakin ƙofa: a 1527 sojojin Sarki Charles na 5 suka afka wa Rum suka wawashe ta, Fafaroma Clement na 7 ya gudo nan ya ɓuya. Da ya duba ya ga garin a kan dutse yake, in aka yi masa ƙawanya ƙishirwa kaɗai ta isa ta gama da mutane, sai ya sa wani magini, Antonio da Sangallo ƙarami, ya haƙa masa rijiya. Aka shekara goma ana aiki, sai 1537 aka gama, lokacin shi mai rijiyar ya riga ya mutu. Zurfinta mita 53, faɗinta 13. Kuma an yi ta ne yadda jakai da alfadarai za su sauka da tuluna har bakin ruwa su hawo. Daga nan ya shiga wani bayani kan matakala biyu da suke nannaɗe da juna, ni kuwa lokacin ina gyara zaman hulata a gilashin waya. Wannan bayanin da ban saurara ba shi ne dukan abin da ya same ni.

Sauka ba wuya. Matakalar faffaɗa ce, gajeru-gajeru, daidai ƙafar jaki, tana zagaya ramin kamar dodon koɗi. Jikin bangon ciki an huda manyan tagogi, ta nan haske ke shigowa, ta nan kuma kake leƙa ruwa can ƙasa kamar ƙwayar ido. Iska ta yi sanyi, bango na naso. Ina ƙirgawa da ƙarfi don yaron ya san da wa yake tafe. Wajen ɗari da wani abu diddigena ya fara zafi, takalmi ya fara cin amanata. Na ce masa ya yi gaba, zan tsaya nazarin ginin. Ya yi gaba da gorar ruwanmu.

Na jima ina nazari, wato ina zaune na cire takalmi ɗaya. Can na miƙe na leƙa taga, sai ga yaron a tagar da ke fuskantata, daidai tsayina, yana ɗaga mini gora. Tsakaninmu faɗin rijiya ne kawai. Na ce masa, "Tsaya nan, ga ni nan zuwa." Na gangara rabin zagaye, na iso daidai inda na gan shi. Babu kowa. Sai na ji muryarsa a saman kaina: "Kawu!" Na ce wato wasa zai yi da ni. Na juyo na haura, na dawo tagata ta farko, ga shi can a inda yake, ko motsi bai yi ba. To, tunda ƙasa ba ta yi ba, bari in bi ta sama. Na ƙara haura rabin zagaye. Babu kowa. Yanzu kuma muryar daga ƙarƙashin ƙafata take fitowa.

Nan fa na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Rijiya ce fa, tsohuwa, mai shekara kusan 500, kuma kowa ya san su wa ke zama a irin waɗannan wuraren. Yaron na ta ihu, "Kawu, ka sauka har ƙasa!" amma ramin na mayar da magana sau uku, abin da ke iso ni shi ne "asa, asa, asa". Na sake haurawa. A nan na yi kiciɓis da 'yan makaranta, aji guda, suna gangarowa. Babbar rigata ta tare hanya kamar labule. Malamarsu ta buɗe hannu tana "Signore, no, no!" tana nuna mini ƙasa da yatsa, yaran na bi ta ƙarƙashin hannun rigata ɗaya bayan ɗaya suna ƙyalƙyala dariya. Na matsa jikin taga in ba su hanya, na ɗan karkata kai, sai na ji iska ta taɓa mini tsakar ka. Zanna-bukar ta tafi. Na bi ta da ido tana juyi a hankali, da natsuwa, ta fi mai ita sanin hanya, har ta sauka a kan ruwa.

Hular ce ta kai ni inda maganar yaron ta kasa kai ni. Da na isa ƙasa na ga wata 'yar gada a kan ruwan, ta haɗa ƙofar da na fito da wata ƙofar a ɗaya gefen, sai komai ya warware mini. Matakala biyu ce. Ɗaya ta sauka, ɗaya ta hawa, kowace da ƙofarta, suna zagaye juna amma ba sa haɗuwa sai a kan gadar nan. An yi haka ne don kada jakin da ke sauka ya yi karo da wanda ke hawa da kaya. Wato shekara da shekaru jakai na shiga suna fita lami lafiya, ba a taɓa jin wanda ya rikice ba, sai da aka jira ɗan gindin Dala.

Hulata na yawo a kan ruwa, ƙarƙashinta kwabban da masu yawon buɗe ido ke jefawa suna ƙyalli. Na durƙusa na miƙa hannu, saura kamar kamu ɗaya. Wata tsohuwa, wadda in a gida ne sai an riƙe mata hannu za ta tsallake kwata, ta zo ta sa sandar tafiyarta ta kamfato ta, ta miƙo mini tana ɗiga. Na ce "grazie", kalma ɗaya tilo da na mallaka. Ta dafa kafaɗata ta faɗi wani abu mai tsawo, ta shige ƙofar hawa. Ban sake ganin ko ƙurarta ba.

Matakala 248 ce zuwa sama. Wannan karon ban ƙirga da ƙarfi ba, numfashin bai isa ba. Takalma a hannu, safa a ƙasa, babbar riga a naɗe a wuya kamar mai shirin dambe, jiƙaƙƙiyar hula na zubo mini ruwa ta bayan kunne. Kowace taga sai na tsaya nazarin gini. Yaron, Allah ya yi masa albarka, ya dawo ya tarye ni da gora, bai ce uffan ba. Sai da muka fito na zube a kan benci sannan ya ce, "Kawu, akwai wata hanya da ta zagaye dutsen gaba ɗaya ta ƙasa, kilomita biyar ce kawai. Ko mu hau hasumiyar agogo?" Na dube shi. Ya duƙar da kai yana danna waya.

Ashe tun daga tagar can yake ɗaukata. Kafin taragon igiya ya sauke mu, wanda wannan karon na shiga ba tare da mita ba, bidiyon ya isa zauren gidanmu na WhatsApp. Saƙon uwargida ne ya fara shigowa, na murya, rabinsa dariya: wai in na dawo kada in damu da kiran mai gyaran famfo, ga rijiyar tsakar gida nan, ta ji an ce na ƙware.