Tana da kwaɗo ma a saka su a lissafin sharar nukiliya

Jama'a, akwai wata magana da hukumar ICRP mai tsara ƙa'idojin kariya daga tururin nukiliya ta faɗa tun 1977: wai in an kare ɗan Adam yadda ya kamata, to sauran halittu ma sun tsira. Ni dai wannan magana ba ta taɓa kwanta mini ba. Mutum yana da takalmi, yana da famfo, in aka ce masa kada ya sha rijiyar nan zai haƙura. Tana fa? A cikin ƙasar take kwana, ita take ci. Kwaɗo kuma a cikin ruwan yake zuba ƙwansa.

Sai a 2008 hukumar ta fitar da halittu 12 da za a riƙa misali da su wajen lissafin illar tururin ga sauran halittu, ciki har da barewa, ɓera, agwagwa, kwaɗo, ƙudan zuma, ƙaguwa da tana. An makara, amma gara haka.

Ku dubi Onkalo, wurin da aka tanada don binne sharar nukiliya a tsibirin Olkiluoto na ƙasar Finland. An haƙa rami fiye da mita 400 cikin dutse, za a rufe sharar a tukwanen jan ƙarfe, a liƙe da yumɓu, ana fatan ta zauna lafiya shekara 100,000. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙasar wurin tana tasowa kusan milimita 6 duk shekara, tun da ƙanƙarar da ta danne ta a zamanin da ta narke. Inda yake teku yau, nan da shekaru dubbai tafki ne da fadama. Ke nan masu lissafi suna auna abin da zai sami kwaɗon da fadamarsa ma ba ta wanzu ba tukuna. Aiki ne ja, kuma na jinjina musu.

Wanda ya ce ai dutse ba ya yoyo, ya tambayi Jamusawa. A tsohon ramin gishiri na Asse sun jibge gangunan sharar nukiliya kusan 126,000 daga 1967 zuwa 1978, da tabbacin wurin a bushe yake. Daga 1988 ruwa ya fara shiga, wajen lita 12,000 a kullum, har a 2013 aka yi doka a kwaso gangunan. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa a maɓuɓɓuga da fadama yake ɓullowa, inda agwagwa ke kiwo tun kafin wani ya zo da kwalbar gwaji.