Honarabul, harajin wa za ka rage mana?

Na ga fastar nan da yaran Honarabul, ɗan majalisarmu na tarayya, suke ta yawo da ita tun daren jiya. Kun gan ta ai, ba sai na sake ɗorawa ba. Ga shi nan a tsakiya cikin babbar riga, hannu a ƙirji, an jera abubuwa 4 da Turanci: haraji, intanet a karkara, tsaro, fataucin mutane. Wai su ya sa a gaba. Masha Allah, an ma yi mana kara, tsaro ya zo na uku.

Cikin ladabi wallahi na tambaya, na ce ranka ya daɗe, harajin wa za ka rage mana, na Abuja ko na daji? Ko minti 10 ba a yi ba aka goge, aka toshe ni. To ga shi a shafina, a zo nan ma a goge.

Harajin wa? Don mu a ƙauyenmu mun san mai karɓar haraji, kuma ba ya zuwa da rasit. Bara da kaka, gero ya nuna yana ta rangaji, saƙo ya zo ta bakin wani bawan Allah da 'yan bindiga suka sako bayan ya yi wata biyu a hannunsu: ba wanda zai sa lauje sai an biya. Masu unguwanni suka bi gida-gida da leda. Yayana ya ja ɗan bijimin da yake huɗa da shi ya kai kasuwa ran Laraba, dillali ya ga ido ya raina fata, ya saya a wulaƙance. An biya na shuka da damina, an biya na girbi, sannan aka ce a haɗo da katin waya da man babur. Wannan shi ne harajin da mutanenka ke biya a Zamfara, kuma ba ka ambace shi ko da kuskure ba.

Na san abin da yaransa za su ce: ai sabuwar dokar haraji talaka ta taimaka wa. Na ji. Tinubu ya sa hannu a dokokin nan 4 a Yunin 2025, wanda samunsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba an ɗauke masa, VAT kuma an bar shi a kashi 7.5. Madalla, ban ce ba kyau ba. Amma yayana yaushe ya taɓa ganin jami'in haraji da idonsa? An yafe masa bashin da ba a taɓa binsa ba, wanda ake binsa da bindiga kuma an yi gum. A Jamhuriya ta biyu Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna sun soke haraji da jangali, har yau tsofaffi na sa musu albarka, don abin da ke ci wa talaka tuwo a ƙwarya suka taɓa. Yau jangalin ya dawo, sai dai mai karɓarsa shi ke kora shanun gaba ɗaya.

Sai intanet. Allah sarki. Honarabul, ka san dutsen da ke bayan makarantar firamare? Ba ka sani ba, ka zo sau ɗaya ne da kamfe, ko daga mota ba ka sauko ba. Can Inna take aika jikanta ya hau da wayarta idan tana son jin muryata. Yaro ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, layi ɗaya ya shigo, ya yi mini filashin, in kira, mu yi ta "kana ji na?" har kuɗin su ƙare. Kuma sai da hantsi, don da la'asar ba mai hankalin da zai bar ɗansa ya hau dutsen. Tun Satumbar 2021 da aka rufe layukan waya a jihar, wai don a toshe wa ɓarayi hanya, ƙarfen sabis ɗinmu bai ƙara dawowa daidai ba. Wane direba ne zai kai masa dizal ta wannan hanyar? Wane injiniya ne zai hau ya gyara? Su kuwa mutanen dajin ga su nan a TikTok suna ƙirga kuɗin fansa a idon duniya, sabis ɗinsu bai taɓa yankewa ba. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50, mun biya, kuma har yau dutsen muke hawa.

Ina son intanet, kada wani ya juya mini magana. Yaranmu JAMB a kwamfuta suke rubutawa, wasu ranar jarrabawa suke fara taɓa ta. Amma ko an shimfiɗa wayar fayiba kilomita 90,000 ɗin da ministan sadarwa ke faɗa, wa zai tsaya gadinta a garin da mai gari da kansa yake kwana a birni?

Fataucin mutane kuwa, na ga hoton da aka sa: jirgin ruwa a teku. Ashe ma daga intanet aka kwafo matsalar. Hukumar yaƙi da fataucin mutane ta NAPTIP tana nan tun 2003, hanyar Agadas tana nan, ba mu manta mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a sahara kusa da iyakar Aljeriya a 2013 ba, yawancinsu mata da yara. Amma ranka ya daɗe, kasuwar mutane tana bayan gidanka. Wanda aka ɗauke daga gona aka yi cinikinsa a waya, albarka, ƙara dai, sallama, meye sunan wannan? Yarinyar da garinsu ya watse, wata hajiya ta zo tasha ta ce za ta kai ta aikatau Kano ko Legas, uwar ta karɓi dubu biyar don ba abin da za a ɗora a murhu, shekara biyu ba labari, meye sunan wannan? Ba wanda ke ba da 'yarsa yana da rumbu cike. Rumbun ne aka ƙone.

Wani zai ce ɗan majalisa ba shi ke ba soja umarni ba. Gaskiya ne. Amma shi ke zama kan kasafi. Kasafin 2025 da aka gabatar musu ya ware wa tsaro naira tiriliyan 4.91. Ya taɓa miƙewa ya tambayi nawa ne ya iso hanyarmu? Ya taɓa kiran wani hafsa gaban kwamiti ya ce me ya sa ake kira tun tsakar dare ba a zuwa sai rana ta fito, a zo a taya mu jana'iza? Da aka raba wa 'yan majalisa motocin naira miliyan 160 kowace a 2023 ban ji ya ce ba hurumina ba ne.

Ba ƙiyayya ba ce, Allah shaida. Na bi layi na dangwala masa, har na ja Inna ta je da ciwon ƙafarta. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Ni na ce mata wannan ɗan boko ne, zai yi magana. Yanzu in na kira tana tambayata, "ɗan naku ya ce wani abu?" sai in ce sabis ne ba kyau.

Harajin wa, Honarabul? Amsa ɗaya nake nema, ko yaronka ne ya rubuto.

Af, kafin in manta. Duk wanda zai shiga gida ranar kasuwa ya taɓa ni, akwai batirin waya da maganin ƙafa da zan ba shi ya kai wa Inna. Na wancan karon jabu aka sayar mini, kwana uku ya kumbura kamar fanke, kuma mai shagon har rantsuwa ya yi mini.