Kwalejin da ba ta da malamai ta yaya za ta yaye malami?

Jama'a wallahi abin nan ya ishe ni. Ni hedimasta ne a wata firamare a nan Kaduna, duk shekara akwai kwalejin horar da malamai da ke turo mana ɗaliban NCE, wato masu neman takardar shaidar malanta ta ƙasa, su yi koyarwar gwaji, wadda suke kira TP. Ba zan kama sunanta ba, masu ita sun san kansu.

Wata yarinya daga cikin na bana, mai ladabi da son aikin, na leƙa ajinta na tarar ta rubuta wa 'yan aji huɗu a allo cewa 1/2 a tara da 1/3 ya zama 2/5, yara kuma duk sun kwafa. Da aka tashi na kira ta ofis, ban ma ɗaga murya ba ta fashe da kuka, ta ce Malam wallahi kos ɗin dabarun koyar da lissafi lakcaran da ke ɗaukarsa ya yi ritaya tun muna shekarar farko, ba a kawo wani ba, sai dab da jarabawa aka ce mu sayi handawut mu karanta. To ita ce mai laifi ko waɗanda suka karɓi kuɗin rajistarta?

Kuma ba sashe ɗaya ba ne. Wannan ya yi ritaya, wancan Allah ya yi masa rasuwa, wani ya samu jami'a ya tattara ya tafi, ba wanda aka maye gurbinsa, sai a labta wa mutum ɗaya kos uku huɗu, hol a cike maƙil wasu a tsaye wasu na leƙe ta taga ba lasifika, yaushe zai duba aikin kowa balle ya san wa ya gane wa bai gane ba? 'Yan wucin gadi da ake ɗauka a toshe kafa su ma sai su yi wata da watanni ba a ba su ko kwabo ba, shi ya sa cinikin handawut ya zama albashinsu.

Amma je ka ɓangaren ofisoshin mulki ka gani. Can ba a rasa gurbi. Ba talla a jarida ba intabiyu, kawai ka wayi gari ka ga ɗan wane da ƙanen matar wane sun fara aiki, ofis ɗaya mutane sun fi kujeru yawa, duk da haka yaro zai gama karatu ya yi ta sintiri kan sakamako, yau an ce fayil ɗinsa ya ɓata, gobe mai makulli bai zo ba, jibi ba wuta. Wasu yaran haka suke haƙura su koma sayar da kati.

Shi kuma mai duba TP, wanda ya kamata ya zauna a bayan aji ya ga yadda ɗaliba ke koyarwa ya gyara mata, sai ana gab da gamawa ya zo. Ko aji bai shiga ba, a kan motarsa ya jera littattafan shirin darasi ya sa hannu ya ba da maki. Da na yi masa magana ya ce ranka ya daɗe makarantu nawa aka ba ni, kuma ko kuɗin mai ba a biya ni ba. Na kasa ce masa komai don na san gaskiya ya faɗa.

A 2017 gwamnatin El-Rufa'i ta ce malaman firamare 21,780 sun faɗi jarabawar gwaji, aka sallame su, duniya ta yi ta yi mana dariya. Wa ya koma ya tambayi inda aka horar da su? Ana ta sare reshe an bar saiwa. NCE ce mafi ƙanƙantar shaidar da aka yarda mutum ya koyar da ita a ƙasar nan, tun 1989 aka kafa hukumar NCCE don ta sa ido kan waɗannan kwalejoji, amma yaran da kansu suke gaya mana idan masu tantancewa za su zo aron lakcarori ake yi, baƙi na tafiya su ma su tafi. TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantun gwamnati, ta gina ajujuwa masu kyau, to ai ba ita ke biyan albashi ba, gini kuma ba ya koyarwa.

Shugaban kwaleji da rajistara da majalisar gudanarwa, ku ji tsoron Allah. Ku fito da jerin kowane sashe da yawan lakcarorinsa na gaskiya ku manna a allon sanarwa kowa ya gani, ku yi tallan guraben a fili, ku biya 'yan wucin gadi haƙƙinsu. NCCE kuma ku riƙa zuwa ba sanarwa. Ni dai daga baɗi duk ɗalibin da mai duba shi bai shiga aji ya zauna ba, ba zan sa hannu a takardarsa ba, kuma zan rubuta dalili.