Wane jini kake taƙama da shi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya aka ba ni labarin wani uba da ya hana 'yarsa auren yaro mai sallah, mai sana'a, wai don gidansu maƙera ne, "jininmu ba ɗaya ba". Wallahi maganar nan ta tsaya mini a rai.

Wane jini, Alhaji? Abin da ya sa jininka ja, sinadarin ƙarfe ne, wajen giram 4 a jikin babban mutum, shi ke ɗaukar iskar da ka shaƙa ya kai ta ko'ina. Kakanka bai ƙera shi ba. Ba a wannan duniyar ma aka yi shi ba.

Tauraron da ya ninka rana nauyi sau 8 ko fiye yana rayuwa ne da narka ƙananan sinadarai su zama manya, daga haidurojin zuwa hiliyom, kabon, oksijin, silikon, har a kai ga ƙarfe. Daga nan makamashi ya ƙare. Cikin ƙiftawar ido cikinsa ya rufta, ya tarwatse. An ga irin wannan ranar 23 ga Fabrairu 1987, masana suka kira shi SN 1987A, bayan haskensa ya yi tafiyar shekara kusan 168,000 kafin ya iso mana. Fashewar ta samar da sinadarin nikel da ya ninka duniyarmu nauyi fiye da sau 20,000. Wannan nikel ɗin ba ya zama yadda yake: duk kwana 6 rabinsa ya rikiɗe ya koma kobal, shi kuma kobal duk kwana 77 rabinsa ya koma ƙarfe, yana fitar da hasken gamma, wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani. Masana suna kallo, hasken tauraron na dusashewa daidai da wannan lissafin. Subhanallah! Daga fashewar taurari irin haka, tun kafin a yi rana, Allah ya tanadi ƙarfen da ke jikinmu.

To wannan ƙarfen shi ne a jinin sarki, shi ne a jinin mahauci da wanzami da wanda kake ce wa jikan bawa. Ranar da ka kwanta asibiti ana neman jini leda biyu, za ka tambayi asalin wanda ya bayar? Ƙofar gidanka maƙeri ne ya yi ta, fartanyar da ta noma tuwonka haka. Ka ci amfanin hannunsa, sai a wajen aure ka tuna kai ɗan dangi ne?

Iyayena, ina girmama ku, amma ku ji tsoron Allah. 'Ya'yanmu mata nawa ke zaune a gida suna kuka a ɓoye saboda wannan girman kan? Ke ma Hajiya, ke ce mai zuga shi a ɗaki. Don Allah ku bari. Idan akwai yaron kirki da ka kora saboda sana'ar kakansa, ka aika a kira shi tun kana da rai. Don Allah ku bari!