Kafin ka ɗaga hannu ka ce kai za ka riƙe GM

'Yan uwa masu wasan shiga labari a Discord da Telegram, musamman ku ƙannena da kuka shigo kwanan nan, ku ba ni aron kunnenku. Duk sanda aka buɗe sabon labari a saba, wato zauren da ake haɗuwa a yi wasan, aka ce wa zai riƙe GM, wato mai jan ragamar labarin da alƙalancin wasan, sai ka ga hannuwa sun tashi, kowa na so sunansa ya canza kala ya samu shiga ɗakunan da sauran ba sa gani. Bayan sati biyu uku ka nemi mutum ka rasa, 'yan wasa na tsaye a bakin kogo suna jiran a faɗa musu me ke ciki, shi kuwa gogan naka yana can yana ɗora status a WhatsApp. Ba wanda ya tilasta ka fa, kai ka ce ka ji ka gani.

Ɗan wasa jarumi ɗaya yake riƙe da shi, kai kuwa duk sauran duniyar a wuyanka take. Kai ne mai gadin ƙofar gari, kai ne tsohuwa mai sayar da magani, kai ne dodon, har ruwan sama kai ke saukar da shi. In yarinya ta rubuta "na tura ƙofar a hankali", wasan ya tsaya cak sai ka amsa, kuma ta sa data ta bar karatu ta zauna jiranka. Wannan aikin tun 1974 yake, lokacin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da wasan Dungeons & Dragons a Amurka, amma su a tebur ɗaya ake zama ana kallon juna, in ka gaji kowa zai gani a fuskarka. A onlayin shirunka kawai ake gani, kuma mutane ba sa fassara shiru da alheri. Kar ka raina nauyin abin don ba a biya. Wasan onlayin ɗin nan Ultima Online da ya fito a 1997 da 'yan sa kai yake kula da 'yan wasa, aikin ya yi yawan da a 2000 wasunsu suka kai kamfanin kotu suna neman a biya su lada. In ka san jarabawa na gabanka ko wayarka sai an kai caji shago, ka nemi mataimaki tun farko ko ka bar wa wani.

Inda na fi son mu tsaya shi ne son kai, don shi ke kashe saba fiye da komai. Bot irin su Avrae, wato manhajar da ake sawa a saba, ne ke jefa dayis mai fuska 20, ba ya ƙarya, amma kai ke yanke lambar da sai an kai ta kafin a yi nasara. Toh ka faɗe ta kafin a jefa, a fili. Ba wai baƙo ya jefa 14 ka ce makullin ya ƙi buɗuwa, gobe abokinka na unguwa ya jefa 14 ɗin a irin wannan ƙofar ka ce ta buɗe har ya tsinci takobin zinare a bayanta. Wallahi ana gani, hirar tana nan a ajiye, akwai mai sikirinshot a kowane guruf. A 2007 a wasan EVE Online an gano wani ma'aikacin kamfanin ya ba ƙungiyar da yake wasa a ciki wasu kaya masu tsada a ɓoye, rigimar da ta biyo baya na cikin abin da ya sa a 2008 aka kafa majalisar da 'yan wasa ke zaɓa da kansu. Kamfani guda da kuɗinsa sai da ya sha wuya kafin a sake yarda da shi, balle kai da sabarka ta mutum ashirin.

Haka jarumin da kai GM kake wasa da shi a cikin labarin. In za ka iya ajiye shi gaba ɗaya ya fi, in kuma dole sai ya shiga to kar ya zama shi ke kashe dodo shi ke warware kacici-kacici shi gimbiya ke so. Alƙalin wasa ba ya cin ƙwallo. Ka duba wanda ba ya yawan magana, galibi ba rashin so ba ne, rubutunsa ne a hankali ko sabis ke masa wasa, kafin ya tura layi ɗaya masu baki sun tura goma. Ka sa mai gadin nan ya juyo ya kira sunan jaruminsa ya tambaye shi wani abu, sai ka ga mutum ya farfaɗo. Kuma don Allah kar ka kashe jarumin da mutum ya yi wata da watanni yana ginawa saboda an ɗauke wuta a tsakiyar faɗa.

Kafin a fara labari a yi zama ɗaya wanda ba wasa a ciki, a yi maganar ranaku da lokaci, a cire lokacin sallah, a faɗi abin da ba za a taɓa ba. Akwai mata a cikinmu, akwai yaran da ba su kai 18 ba, akwai wanda garkuwa da mutane ba labari ba ne a wajensa, a gidansu aka yi. Ba sai ya maka bayani ba. Wasu suna amfani da katin X da John Stavropoulos ya ƙirƙiro, mutum ya tura X kawai a wuce wurin ba tambaya ba gardama, abu ne mai sauƙi ku ma ku ɗauka. In wani ya rubuta "na sare masa kai ya mutu" a kan jarumin wani, ka tsayar da shi, shi dai nasa ya kai sara, ko ya samu ko bai samu ba dayis ne da kai za ku faɗa. Amma ka bi shi ta DM tukuna, ba sai ka tsinka shi a gaban jama'a ba. Sirrin da ɗan wasa ya ba ka na jaruminsa kuwa amana ce, ko budurwarka ce ke wasa a ɓangaren abokan gaba.

Gajiya za ta zo, ba abin kunya ba ne. In ta zo ka fito ka faɗa da bakinka, ka ba admin sati guda ya nemo wani, ka miƙa masa rubutun da kake ajiyewa, sunayen mutanen gari da abin da kowa ke bin kowa, inda aka ɓoye taswirar, waye maci amanar da 'yan wasa ba su gano ba tukuna, da alƙawuran da ka yi wa mutane ta DM. In kuwa ba ka ajiye komai a rubuce, yau ɗin nan ka buɗe Google Docs ka fara da zaman jiya.